Dusar ƙanƙara na zubowa daga rufinka? Ga bambancin 'yan maƙale, sandar ƙarfe da wayar zafi kafin ka zaɓa

Wanda bai taɓa ji ba ba zai gane ba. Kana zaune a ɗaki, rana ta ɗan leƙo bayan an kwana uku ana zuba dusar ƙanƙara, sai ka ji wani gurnani daga sama kamar ana jan gado a bene, kafin ka ce meye wannan sai ka ji rim! har tagogi sun amsa. Ka leƙa ka tarar duk abin da ke kan rufi ya sauko lokaci ɗaya ya toshe ƙofa. Ni a hunturuna na biyu a gidan da nake ciki a kan bonet ɗin mota abin ya sauka ya lotsa shi, ya haɗa da indararo ya tsige shi tun daga wannan kusurwa har waccan, kuma wallahi ko minti biyar ba a yi ba da ƙaramar 'yata ta bar wurin, a nan ta tsaya tana ɗaure takalmi. Tun ranar na daina ɗaukar maganar da wasa, na gwada abin tare dusa iri biyu, ɗaya ya ba ni kunya ɗaya ya riƙe, sauran kuma na gani a rufin mutane na yi ta tambaya har na gaji da kaina.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne dusar da ta sauko yanzu ba ta da nauyi, ka ɗiba a hannu kamar auduga. Sabuwa haka, mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi ba ta wuce kilo 50 zuwa 100. Amma bari ta kwana biyu ta zauna, ta koma 200 zuwa 300, in ta jiƙe ta sha ruwa ta haura 400, ita kuwa ƙanƙara zalla tana kaiwa kilo 900 da ɗoriya. To lissafa da kanka: gefen rufi ɗaya mai mita 10 a faɗi da mita 6, dusar da ta zauna, mai kilo 300 ɗin nan, rabin mita ta kwanta a kai, kilo 150 ke nan a kowace murabba'in mita, gaba ɗaya tan 9. Kuma ba da kaɗan-kaɗan take zuwa ba. Da dare tana daskare ta manne da kwano, da rana ta buga kwanon ya ɗumama, ko zafin cikin gida ya taso ta silin, sai ƙasanta ya narke ya zama ɗan siririn ruwa tsakaninta da kwanon, shi ke nan ta samu santsi, duk faifan ya taho gaba ɗaya. Shi ya sa ba ranar da ake tsananin sanyi take faɗowa ba, ranar da gari ya ɗan yi daɗi mutane suka fito ita ce ranar haɗari.

Kafin ka sayi komai akwai tambayar da masu sayarwa ba su cika son a yi ba: rufinka zai iya ɗauka? Don duk abin da za ka kafa, aikinsa ya hana dusar sauka, ma'ana tan 9 ɗin nan za su zauna a kan rafta da bango har su narke. Wasu rufin masu gangare sosai an ƙera su ne da lissafin cewa dusa za ta riƙa zamewa da kanta. A ƙa'idar gini ta Turai ma haka abin yake, daga gangaren digiri 30 ana fara rage nauyin da ake lissafa wa rufi har zuwa digiri 60 inda ake ɗauka babu abin da zai zauna, amma da zarar ka sa abin tarewa wannan rangwamen ya tashi, sai a lissafa kamar za ta zauna. In gidan tsoho ne, ko katakon siriri ne, ko rumfar mota ce da aka haɗa da sauri, a kira injiniyan gini ya duba tukuna, kar ana maganin ƙaba kai na kumbura.

To mu fara da wanda kowa ke fara saya, 'yan maƙalen nan ƙanana da ake jerawa a kan rufi kamar haƙora, wasu na roba mai gani-har-hanji wasu na ƙarfe. Ba katanga ba ce, aikinsu su soke dusar ta ƙasa su riƙe ta a wurare da yawa, in ma za ta sauko ta sauko a farfashe. Iri biyu ne wajen kafawa, na gam da na sukuru, kuma tsakaninsu akwai nisa.

Na gam shi na fara sakawa, don ya fi araha kuma ba a huda kwano, daga ƙasa ma da kyar kake ganinsu. Wanda ya yi min aikin a ƙarshen kaka ya zo, gari ya riga ya fara sanyi, ya manna su layi biyu ya tafi. Abin da ban sani ba a lokacin, irin wannan gam ɗin yana buƙatar kusan wata guda cur da ɗumin da bai sauka ƙasa da digiri 10 ba kafin ya kama sosai. Dusa ta biyu mai nauyi da aka yi, da safe na fito ina tsintarsu a tsakar gida ɗaya bayan ɗaya, kowanne da gam ɗinsa a ƙasa yana danƙo kamar cingam. Kuma haka suke yi, in ɗaya ya ɓalle nauyinsa ya koma kan na kusa da shi, shi ma ya bi, kafin ka ankara layin ya tafi. Ko an manna su a kan lokaci ma, ka tuna ba kwanon gam ɗin ya kama ba, fentin kwanon ya kama, in fentin ya tsufa ya fara gari to tare za su tashi. Robar kuma rana na cinta a hankali, ta yi rawaya ta fara tsagewa. Ba na ce ba su da amfani ba, a ƙaramin rufi mara tsawo, inda dusa ba ta yawa, aka wanke kwanon tsaf aka manna lokacin da gari ke da ɗumi kuma aka sa adadin da kamfanin ya rubuta ba rabinsa ba, suna yi. Amma ni dai ba zan sake ajiye yaro ko mota a ƙarƙashin gam ba.

Na sukuru ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, da sharaɗin sukurun ya ratsa ya kama katako ko ƙarfen da ke ƙarƙashi. In kwanon kaɗai ya kama, dusa za ta fizge shi ta bar maka rami. Wannan shi ya dace da kwanon da dama can da sukuru aka kafa shi ta sama, ƙarin huda ba baƙon abu ba ne a wurinsa, sai dai kowace huda ƙofar yoyo ce in robar da ke ƙarƙashin kan sukurun ta mutu, don haka a sa abin toshewa mai kyau kuma a riƙa dubawa. Inda bai dace ba sam shi ne kwano mai tsayayyen haɗi, wanda ba ka ganin kan sukuru ko ɗaya a jikinsa sai dogayen layuka a tsaye kamar ƙashin baya. Irin wannan an bar shi ne yana motsi, don ƙarfe na miƙewa da zafi ya tsuke da sanyi. Falle mai mita 10 na baƙin ƙarfe, in zafinsa ya canza da digiri 60 tsakanin hunturu da bazara yana motsa kusan milimita 7, na alminiyam kuwa kusan ninki biyu. Ka dasa masa sukuru a tsakiya ka ɗaure shi, ramin zai yi ta faɗaɗa, kuma sau da yawa garantin rufin ya tafi ke nan.

Shi wannan kwanon maganinsa sandar ƙarfe mai kilam, kuma ita na koma bayan gam ya kunyata ni. Kilam ɗin wani dunƙulen alminiyam ne da ke hawa kan tsayayyen haɗin, a ɗaure shi da 'yan sukurori masu dunƙulallen baki waɗanda ke lotsa haɗin su damƙe ba tare da sun huda ba, sannan a zura fayif ɗaya ko biyu ko uku su bi faɗin rufin daga wannan gefe zuwa wancan. Abin da ya fi burge ni da ita ba ma rashin huda ba ne, a'a, ita ana iya lissafa ta. Kamfanonin kirki suna gwada kilam ɗinsu a kan kowane irin haɗi su rubuta nauyin da yake ɗauka, kai kuma ka san nauyin da ke tahowa. Lissafin ba wuya: nauyin dusa a murabba'in mita, sau tsawon rufin da ke saman sandar in an auna shi a kwance, sau wani adadi da gangare ke bayarwa, wanda a digiri 30 rabi ne daidai. A misalinmu na ɗazu 150 sau 6 ya ba da 900, rabinsa kilo 450 ke danna kowace mita ɗaya ta sandar. In haɗin kwanonka rabin mita ne tsakani, kowane kilam na ɗauke da kilo 225 ke nan. Daga nan za ka san ko layi ɗaya ya isa ko sai an ƙara na biyu a tsakiyar rufi. Duk mai aikin da ya zo bai tambaye ka gangare da tsawon rufi da yawan dusar yankinku ba, ya ce ai layi ɗaya muke sa wa kowa, ka yi masa godiya ka nemi wani.

Tana da nata aibin fa. Ta fi tsada, ana ganinta daga ƙasa, kuma akwai rata tsakanin fayif na ƙasa da kwano, to siririn faifan ƙanƙara yana bi ta nan ya sulale, kuma shi ne mai yanka. Shi ya sa ake ƙara wasu 'yan harsuna da ke rataye a jikin fayif ɗin suna taɓa kwano a tsakanin haɗi da haɗi, kar ka yarda a bar maka su a lissafin ragi, musamman saman ƙofa. Sannan ɗaurin sukurorin da sifana mai auna ƙarfi ake yi ba da ƙiyasin hannu ba. Wani abin da ake mantawa, nauyin da kilam ya tara kan fallen kwanon yake sauke shi, fallen kuma yana rataye ne da inda aka kafe shi, galibi can sama wajen ƙololuwa, in wannan kafin mai rauni ne sai dusa ta ja sandar da kwanon baki ɗaya.

In rufinka tayil ne na yumbu ko siminti labarin daban ne. A Jamus da Ostiriya da Suwizalan za ka ga abu biyu. Na farko ɗan shinge mai kama da tsani a kwance kusa da bakin rufi, a kan ƙafafun da aka kafe a jikin katakon da ke ƙarƙashin tayil, a kauyukan tsaunin Alps ma gungumen itace zagayayye suke ɗorawa a maimakonsa, yana da kyau a ido sai dai yana ruɓewa a canza. Na biyu 'yan ƙugiyoyin ƙarfe ne da ake saƙalawa a tayil a warwatsa su ko'ina tun daga ƙasa har sama, hancinsu na leƙowa. Bambancinsu, shinge yana jiran dusar a ƙasa ne ya tare ta, su kuwa ƙugiyoyi ba sa bari ta fara tafiya ma, nauyin ya rabu a duk rufin maimakon ya taru a baki. Inda dusa ke da yawa haɗa su ake yi, kuma ni a ganina haka ya fi, don shinge shi kaɗai a ƙasan dogon rufi, in faifai ya taho da gudu ya doke shi, ko ya lanƙwasa shi ko ya tsallake ta kai. Shi kuwa rufin kwalta mai ɓarɓashin tsakuwa a jiki dama kaushinsa na riƙe dusa, sau da yawa bai buƙatar komai sai in gangaren ya yi tsanani. Masu santsi irin su sulet, wato siraran faifan dutse, da gilashi da faifan sola su ne matsalar, musamman sola, mutum na zaune lafiya shekara goma da rufin kwalta, ya ɗora sola sai ga dusa na zubo masa a matakala. Akwai 'yan maƙalen da ake sawa a gefen faifan, amma ka san duk dusar da ka riƙe a kan sola wutar da ka rasa ce, don haka in da hali a bar fili a ƙasan faifan a kafa sandar a can.

Yanzu wayar zafi, wato wayar lantarki mai ɗumama tana narkar da ƙanƙara, inda mutane da yawa ke zubar da kuɗi a banza. Waya ba ta riƙe komai. Ko kilo ɗaya. Ciwon da take magani daban ne, wato dam ɗin ƙanƙara: zafin gida ya narkar da dusa a sama, ruwan ya gangaro ya iso leɓen rufi inda babu ɗaki a ƙarƙashi, wurin da sanyi, ya daskare ya zama tudu, ruwan da ke biyowa ya rasa hanya ya koma baya ya shiga ƙarƙashin rufi ya ɓullo a silin, ga kuma tsinkunan ƙanƙara na reto a baki kamar mashi. Ana shimfiɗa wayar zigizag a leɓen, a bi da ita cikin indararo da bututun saukar ruwa har ƙasa, ta buɗe wa ruwa hanya, iyakar aikinta ke nan. A kan kwano mai santsi wanda ba abin tarewa, dusar da ta zamo ita ce ma za ta tsige wayar ta sauko da ita, don haka in za a sa, sanda a sama waya a ƙasanta. Iri biyu ce. Mai araha zafinta ɗaya ne ko yaushe, kuma in ta hau kan kanta tana iya ƙonewa. Mai daidaita kanta tana da wata baƙar roba mai ɗaukar wuta a tsakanin wayoyi biyu, inda ya fi sanyi nan take ƙara zafi, inda ya ɗumama ta rage, ana yanka ta daidai tsawon da ake so, ta fi daɗewa. Kowacce dai tana shan wuta, wajen wat 15 zuwa 35 a mita, ka ninka da mita 50 ka bar ta a kunne wata uku ka ga bil. A sa mata na'urar da ke kunna ta sai in akwai sanyi da danshi, kuma dole ta bi ta birekar da ke yanke wuta in ta fara zuba, wannan aikin mai lantarki ne ba na ƙarfin hali ba.

Ai ma in dam ne matsalarka, tushen yana cikin silin. A toshe duk inda iska mai ɗumi ke hawa, gefen fitilu da ƙofar shiga silin da inda fayif ya ratsa, a ƙara kaurin abin tare zafi, a bar iskar waje na shiga ta ƙarƙashin leɓe tana fita ta ƙololuwa, rufin ya zauna da sanyi. Wannan na rage narkewar ƙasa sosai, har zamewar ma tana raguwa, amma ba ya hana rana ɗumama kwano, don haka bai maye gurbin sanda.

Manjagara mai doguwar ƙota da ake jawo dusa da ita daga ƙasa tana da kyau a gida mai hawa ɗaya, kusan kyauta ce, matsalarta kawai sai kana gida kuma kana da lafiya, kuma dusar da kake jawowa kanka take nufowa, ka tsaya nesa ka lura da wayar lantarki. Hawa rufi da shebur ko sarar ƙanƙara da gatari kam a bar wa ƙwararru masu ɗaure kansu da igiya, gishiri kuma yana cin kwano da indararo ya kashe shukar da ke ƙasa.

Akwai kuskuren da na ga an fi yi, kuma na kusa yi: a sa sanda mita biyu a saman ƙofa kawai don a rage kuɗi. Dusar da ta daskare faifai ɗaya ce, wadda ke gefe da gefe in ta tashi tafiya tana jan wadda ka riƙe, sai 'yar sandar ta ɗauki nauyin fili mai faɗaɗa zuwa sama kamar mafici, ninkin abin da ka zata, na ƙarshen kilam su ke fara tashi. Ko a bi duk faɗin wannan gefen, ko a ce wa mai lissafi ya ƙara ƙarfi saboda haka. Layin farko kuma a saman bango ake sa shi ko sama kaɗan, ba a kan leɓen da ke reto a iska ba. Sai maganar ƙarfe da ƙarfe, rufin tagulla ba ya shiri da alminiyam ko ƙarfe mai rufin tutiya, in ruwa ya haɗa su ɗaya zai ci ɗaya, tagulla sai tagulla ko farin ƙarfe mara tsatsa.

To wanne za ka ɗauka? Je ka tsaya a ƙarƙashin kowane gefe ka duba me ke wurin. Gefen da ba kowa, ba hanya ba mitar wuta ba taga ba rufin maƙwabci, bar shi ya zubar da kayansa, sauƙi ne ma ga ginin, sai dai ka kare bututun hayaƙi da 'yan fayif ɗin da suka ɓullo ta rufi da ɗan ƙarfe mai raba dusa a samansu. Gefen da ke kan ƙofa ko titi ko wurin ajiye mota ko inda yara ke wasa, nan ba wurin gwaji ba ne, a ƙasashe irin su Suwidin da Finlan da Jamus in ta faɗo wa mai wucewa mai gida ake nema. Kwano mai tsayayyen haɗi, sanda mai kilam da harsunanta. Kwano mai sukuru a fili, sanda ko 'yan maƙale da aka kafe cikin katako. Tayil, ƙugiyoyi a warwatse da shinge a ƙasa. Gam sai ƙaramin rufi da ba rai a ƙarƙashinsa. Waya kuma sai in ka ga tudun ƙanƙara a leɓe ko tabon ruwa a silin bayan ka gama gyaran cikin silin ɗin. In ginin ma ba a fara ba ko za ka canza ƙofa, ka sa ta a ɓangaren da rufi ba ya zubowa, ko ka yi mata 'yar rumfa mai ƙololuwa da za ta watsar gefe da gefe.

Aikin a yi shi da bazara rufi a bushe. Tawa sandar hunturu huɗu ke nan, duk shekara in dusa ta gama narkewa ina sa a hau da sifana a bi kilam ɗin ɗaya bayan ɗaya, shekarar farko an samu uku sun ɗan saki a gefen da rana ta fi bugawa, tun daga nan ba a sake samu ba.